Kwamfutar da Sambo Ya Zaɓa Mana

Jikata ce ta tono mini wannan tsohon miki ba tare da ta sani ba. Ta sami gurbin karatu a jami'a, aka ce ta zo da kwamfutarta. Ni kuwa sai na gyara zama, na ce ta shirya mu tafi Kano mu yi yawon shaguna, har na fara lissafa mata abubuwan da ake dubawa kafin a saya. Ta yi dariya, ta ce ai ta riga ta zaɓa. Tana zaune a kan tabarma, hannu ɗaya yana tsintar shinkafa, ɗaya yana shafa fuskar waya, a haka ta yi cinikin. Bayan 'yan kwanaki wani mai babur ya kawo kwali ƙofar gida. Ta buɗe, ta ɗora abin a cinyarta, ba igiya, ba ƙara, ba wanda ya yi ko bisimilla, sai ga ta a cikin ɗakin karatun jami'ar da ba ta taɓa taka ƙofarta ba. Na tsaya a kanta baki buɗe. Ta ɗaga kai ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, na fita waje.

A ƙofar gida na dubi bakin titi, sai a ranar na lura cewa turakun wayar tarho sun ɓace. Ban san yaushe aka tuge na ƙarshe ba. A da suna jere tun daga Gumel har inda ido ya ƙare, tsuntsaye suna layi a kan wayar. Muna yara mukan manna kunne a jikin turken mu ji yana gunji a hankali, mu ce maganar manya ce ke wucewa a ciki. Wanda ya fi kowa daɗewa da kunne a jikin turke shi ne Sambo. Mu mukan gaji mu koma wasan langa, shi kuwa yana nan tsaye, ido a rufe, yana cewa in dai magana ce to dole akwai hanyar da za a gane ta.

Sambo abokina ne tun daga firamare. Iyayensa makiyaya ne masu noma, suna zaune a wata ruga bayan Gagarawa Tasha, aka kawo shi Gumel wurin wani ɗan'uwansu don ya yi boko. Idan an yi hutu nakan bi shi gida. A can na koyi jan ruwa daga rijiya mai zurfin da sai an ɗaura igiyar guga a jikin sa, yaro ya kora shi nesa kafin gugan ya iso baki. Har yau kunnena bai manta kukan ƙarfen da igiyar ke bi ta kansa ba, da shanu suna hura hanci a cikin kwami, da yadda ake sauya harshe a gidan, a fara magana da Fillanci a ƙarasa da Hausa ba wanda ya lura. Mahaifinsa, wanda ni ma nake kira Baffa, mutum ne dogo mara yawan magana. Bai taɓa yin sauri a gabana ba, ko da sa ya tsinke. Idan aka kawo masa labari daga kasuwa, kafin ya ce komai sai ya tambayi wanda ya faɗa, da wanda ya gaya wa mai faɗar. Yakan ce magana kamar nono ce, sai ka san ƙwaryar da ta kwana a ciki.

Da muka girma hanya ta raba mu amma ba ta yanke ba. Ni na dawo Gumel ina koyar da lissafi, shi kuwa ya wuce wata babbar jami'a mai nisan tafiyar yini daga nan, ya gama, suka riƙe shi aiki a ɗakin babbar kwamfutarsu. Yaran yanzu ba za su gane abin da nake nufi da babbar kwamfuta ba. Ba abin ɗorawa a cinya ba ne. Ɗaki guda ne cike da akwatunan ƙarfe masu tsayin mutum, ana hura musu sanyi dare da rana, ba a shiga da takalmi. Malamai da ɗalibai ba sa ma ganinta, sai dai su zauna a wasu ɗakuna gaban gilashi irin na talabijin da madannai irin na tafireta, su aika mata tambaya ta waya ta ba su amsa. Duk lokacin da Sambo ya zo hutu, wannan injin ne hirarsa. Yana maganarsa kamar yadda Baffa ke maganar garke, wane akwati ne mai taurin kai, wanne ne ke rashin lafiya idan zafi ya yi yawa. Wata rana ya ce mini ba dole sai mutum yana cikin jami'ar ba. Duk inda wayar tarho ta kai, ana iya shiga. Na ce har Gumel? Ya ce har Gumel.

Na kai maganar wurin shugaban makarantarmu, wani dattijo mutumin Sule Tankarkar mai son ci gaba da kuma son a ga ci gaban da ido. Ya karɓa da hannu biyu. Malamanmu za su riƙa neman littattafai a jami'a ba tare da sun hau mota ba, masu bincike su aika lissafinsu, a kuma riƙa musayar saƙo. Matsalar ita ce ba wanda ya san abin da za a saya. Kowa ya zo da nasa jin. Wani ya ce a sayo gilashi da madannai kawai irin na jami'a, tunda ƙwaƙwalwar tana can. Wani ya ce ya ga wata mai nuna launi a wani ofis, ita za a nema. Shugaba kuwa ya riga ya ji labarin wani ɗan kasuwa a Maigatari da ke shigo da kaya daga tsallaken iyaka, an ce yana da kwamfuta sabuwa fil. Aka yi ta zama ana tashi ba matsaya, har Sambo ya zo hutu a farkon bazara, aka ce to ga mai abin ya zo.

Ranar kasuwa muka tafi Maigatari mu uku. Muka ratsa ta kara, inda raƙuma da shanu suka cika fili, dillalai suna tafa hannu, manyan motoci suna lodi, har muka isa wani shago a lungu. Mai shagon mutumin Damagaram ne, mai fara'a, ya shimfiɗa mana darduma ya sa aka kawo shayi. Ya yaye wani bargo, sai ga kwamfuta fara tas, gilashinta yana sheƙi. Ya ce jiya jiya ta wuce duwan, wato kwastan na iyaka, babu irinta a ƙasar nan. Na ga idon Shugaba ya yi haske. Sambo ya roƙi a tayar da janareta a kunna, ya ce ba a cinikin biri a sama. Da ta kama, sai ya matsa gefe ya ce in rubuta sunan makarantarmu. Na ɗora yatsuna yadda na saba a kan tafireta, na buga, sai ga wasu haruffa daban suna fitowa. An jera madannan ne bisa tsarin Faransanci, kuma duk abin da injin ke faɗa da Faransanci yake faɗarsa. Sambo ya juya bayanta ya duba ramukan da ake soka igiya, ya tambayi mai shago ko akwai ɗan akwatin da ke haɗa ta da tarho. Mutumin ya ce bai san da wannan ba, amma in muna so zai sa a kawo. Muka sha shayinmu muka yi godiya. A mota, da muka kusa Gumel, Shugaba ya ce shi dai ya ga abu mai kyau. Sambo ya ce, cikin ladabi, kyanta ba ƙarya ba ne, ranka ya daɗe, sai dai ba yarensu ɗaya da wadda za ta yi magana da ita ba.

A Kano muka yi sayayyar, kuma abin da Sambo ya zaɓa ya ba kowa mamaki. Kwamfuta ce ruwan toka mara fasali, gilashinta ba ya nuna komai sai koren rubutu a kan baƙi. Ya ƙi gilashi da madannai zalla, ya ce irin wannan ba ya riƙe komai, da layi ya yanke shi ke nan an koma farko. Gara cikakkiyar kwamfuta mai ƙwaƙwalwarta, a sa mata manhajar da za ta sa ta yi shigar gilashi da madannan jami'a idan ta buga ƙofar babban injin, ta kuma adana duk abin da ya iso. Sai ɗan akwatin da ake kira modem, wanda ke juya rubutu ya zama ƙara don ya bi ta waya. Mai shagon ya fito da iri biyu, ya yi ta yabon mai saurin. Sambo ya ɗauki mai nawar. Ya ce ya san wayar Gumel, tsohuwa ce, tsuntsu ya sauka a kanta ma sai an ji a kunne. Mai saurin nan doki ne da ke son titi mai kyau, mu kuwa jaki muke bukata wanda zai bi yashi. Ya ƙara da sitabilaiza mai nauyi saboda wutarmu mai hawa da sauka, da faifai guda biyu masu ɗauke da manhajar, ɗaya na aiki ɗaya na ajiya. Na tuna yadda ya naɗe su a cikin hankici ya miƙa mini, ya ce kada in bar su a rana, kada kuma in ajiye su kusa da rediyo.

Sauran kwanakin hutunsa a wani ɗan ɗaki kusa da ofishin Shugaba muka yi su. Muka toshe taga da labule saboda yashi, aka ɗinka wa injin riga. Ya koya mini yadda ake tayar da ita, da abin da ake bugawa kafin ta kira lambar jami'a, da yadda ake gane ƙarar da ke nufin an haɗu da wadda ke nufin an rabu. Ya ba ni sunan shiga da kalmar sirri, wadda ba komai ba ce illa sunan wata farar saniyar Baffa da ta taɓa harbina ina yaro. Abin da ya hana mu gwadawa yana nan shi ne layin makarantar ya mutu, kuma masu gyara suka yi ta cewa gobe. Hutunsa ya ƙare. Na raka shi tasha, ya ce da ya isa zai buɗe mana ƙofa a babban injin ya bar mana saƙo a ciki, mu kuma mu riƙa gwadawa kowace safiya bayan an shiga aji. Ya leƙo ta tagar mota yana dariya ya ce in yi haƙuri da jakin.

Da layi ya dawo muka fara. Tarho ɗaya ne a duk makarantar, don haka sai an zare igiyarsa an soka a modem. Kullum da safe nakan yi haka, malaman da ba su da aji su taru a bayana. Injin ya buga lamba, a ji ƙararrawa tana kaɗawa can nesa, sai wani kuka ya biyo baya, tsiwa da shuu da ƙara kamar ana jan ƙarfe a kan dutse. Sai kuma shiru, koren rubutu ya ce ba a samu ba. Aka yi ta haka har mutane suka fara raguwa, masu zolaya suka fara tambayata ko jakin ya sha ruwa yau. Shugaba kuwa idan ya wuce ƙofar sai ya yi ajiyar zuciya, na san farar Maigatari yake tunawa.

Ranar da ta kama zafi ya sauka tun da hantsi, irin na bazarar da ake ta jin labarin sanƙarau a ƙauyuka. Mu biyu ne kawai a ɗakin da wani malamin tarihi. Kukan ya zo kamar kullum, amma maimakon ya mutu sai ya sauya murya, ya lafa, haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, sunan jami'ar, sannan tambayar ko wane ne. Na buga suna da kalmar sirri. Malamin tarihi ya fita da gudu, kafin ka ce kwabo ɗakin ya cika, har da Shugaba. Injin ya ce muna da saƙo biyu. Na buɗe na farko na karanta da ƙarfi:

"Salamu alaikum mutanen Gumel. Idan kuna karanta wannan, to kun iso, sannunku da hanya. A gaida Shugaba. A gaya wa Baffa ina nan tafe kafin shuka."

Ɗakin ya kaure da shewa da tafi. Shugaba ya dafa kafaɗata yana cewa ikon Allah, ikon Allah, yau ga Gumel a jami'a. Wani ya ce a buɗe na biyun mu ji sauran tsiyar da ya shirya mana. Na buɗe ina murmushi, na fara karantawa da murya ɗaya da ta farko, sai da na kai tsakiyar layi na biyu kafin kunnena ya ji abin da bakina ke faɗa.

"Sunana Yakubu, abokin aikin Sambo. Allah ya yi wa Sambo rasuwa da asubar yau bayan gajeriyar jinya. Na kira tarhonku ba a ɗauka ba, kuma ba mu san hanyar gidansu ba. Na san kuna gwadawa da safe, shi ya gaya mini. Ina zaune gaban inji ba zan tashi ba. A kawo shi gida ko a yi masa sutura a nan? Saboda zafi ba za mu iya wuce la'asar ba."

Waɗanda ke bakin ƙofa ba su ji da kyau ba, har lokacin suna dariya, sai dariyar ta riƙa mutuwa daga gaba zuwa baya. Ga gaisuwarsa a sama, ga mutuwarsa a ƙasa, rubutu iri ɗaya, kore iri ɗaya, ba abin da ya bambanta su. Mutum idan zai gaya maka rasuwa fuskarsa takan riga bakinsa, ka sami ɗan lokacin da za ka dafa bango. Wannan abin ba shi da fuska. Shugaba ya yi salati, sannan ya ce ko dai kuskure ne, ko wani ne ke wasa. Kafin in amsa layin ya yanke. Na ɗauka rubutun zai tafi tare da shi, har wani sashe na zuciyata ya yi fatan haka, amma manhajar ta riga ta adana. Na sake karantawa, na sake, bai sauya ba.

A al'adarmu ba yaro ne ke kai wa uba labarin mutuwar ɗansa ba. Dattijai ake tarawa, su je su zauna, su yi gaisuwa mai tsawo, su fara da cewa jikin ya yi tsanani. Amma rana tana tafiya, ni kaɗai na san hanyar rugar, kuma babur mutum biyu yake ɗauka. Shugaba ya miƙo mini makullin nasa. Ban tuna yawancin tafiyar ba. Na dai tuna na wuce Gagarawa Tasha mutane suna cin kasuwarsu, wani yana rigima a kan buhun gero, na yi mamakin yadda ba wanda ya sani. Daga nan na shiga yashi, babur yana tangaɗi, ina ta shirya maganar da zan faɗa tana rushewa.

A bakin rijiya na sami Baffa ana shayar da shanu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, duk yana kallon fuskata. Sai ya miƙa wa wani ƙanensa sandar korar sa, ya yi gaba zuwa gindin wata aduwa, na bi shi. Can na gaya masa, ban ma san da waɗanne kalmomi ba. Bai motsa ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce:

"Wa ya zo da labarin?"

Na ce, "Ba mutum ne ya zo ba, Baffa. A injin nan da ya zaɓa mana na gani."

"Ka ji muryar wani?"

"Ban ji ba. Rubutu ne."

Na gaya masa cewa mai rubutun yana can zaune yana jiran amsa, a kawo shi ko a binne shi a can. Baffa ya ce shi ba zai shiga gida ya gaya wa uwar yaro abin da ba bakin da ya gaya masa ba, ba kuma zai yanke hukunci a kan gawar da bai tabbatar ba. Ya ce in kai shi wurin abin. Ya gaya wa ƙanensa cewa zai je Gumel ya dawo, bai ƙara komai ba. Ya hau bayana ya riƙe sandarsa a tsaye. Duk tsawon hanyar ina jin numfashinsa a bayan wuyana.

Malamai suka miƙe da muka shiga. Baffa ya cire takalminsa a bakin ƙofa, ya yi sallama, ya tsaya gaban injin yana dubansa kamar yadda yake duban baƙuwar dabba. Aka ba shi kujera ya ƙi. Na zare tarho na soka modem, na buga. Kuka, shiru. Na sake, kuka, shiru. Rana ta take tsaka, gumi yana ɗiga daga haɓata a kan madannai, ba abin da nake ji sai la'asar tana matsowa. Wani ya ce a mayar da tarho a kira da baki, amma lambar da muke da ita ta injin ce, ba ta mutum ba. Na ci gaba. Layin ranar ya fi na kullum hayaniya, kuma na yi imani da a ce mai saurin nan muka sayo da ba mu kai ko'ina ba. Can dai ya kama. Na rubuta cewa ga mahaifin Sambo a tsaye. Ba a jima ba haruffa suka fara zuwa, Yakubu yana ta'aziyya. Yakan rubuta kalma ya goge ya sake, muna kallo.

Baffa ya ce in tambaye shi ko shi ɗan wane ne, kuma ko yana wurin. Yakubu ya faɗi sunan mahaifinsa da garinsu, ya ce shi ya kai shi asibiti da ciwon kai da sanƙarewar wuya, kuma bai bar gefensa ba har ƙarshe. Na karanta wa Baffa. Ya gyaɗa kai a hankali, sannan ya ce:

"Tambaye shi, da ya riƙe shi, me ya gani a ƙafarsa ta hagu."

Na rubuta. Ɗan koren tabon da ke nuna wurin rubutu ya yi ta ƙiftawa, ba abin da ya fito. Ni kaina, da na karanta saƙon da idona, sai na sami zuciyata tana roƙon Allah ya sa mutumin nan ya kasa amsawa. Sai haruffan suka taho. Akwai tsohon tabo dogo a ƙwaurinsa, daga ƙasan gwiwa, ya ce Sambo ya taɓa gaya masa sa ne ya soke shi yana ƙarami.

Ban iya karantawa da ƙarfi ba. Malamin tarihi ne ya karanta. Baffa ya jingina sandarsa da bango, ya sulale ya zauna a ƙasa, ya ce daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Da ya sake magana muryarsa ba ta rawa. Ya ce ƙasa duk ta Allah ce, kada a wahalar da yaro da hanya cikin wannan zafi, a yi masa sutura a can. Ya ce a gaya wa Yakubu ya tsaya a madadinsa, shi zai shiga rami ya karɓe shi, kuma daga yau yana da uba a ƙasar Gagarawa. Na buga kalma bayan kalma ina kuskure ina gyarawa, don ba na ganin madannan sosai. Amsar ƙarshe da ta zo gajeriya ce, ya ce ya karɓa, za su tafi yanzu. Ni da kaina na katse layin.

Yau idan mutum ya rasu, kafin a rufe masa ido hotonsa ya zaga gari. Na ga matar da ta ji mutuwar mijinta a wayar maƙwabciya tana tsaka da kwasar tuwo, na ga yara suna rige-rigen wanda zai fara sakawa. Idan na yi magana sai su ce zamani ne, Baba. Ba na musu, don ni ne na fara buɗe wa wannan zamanin ƙofa a garin nan, kuma na san amfaninsa. Shekaru muka yi muna aiki da wannan kwamfutar, malamai da dama sun gama bincikensu ta dalilinta. Sai dai tun daga ranar ban sake karanta saƙo da ƙarfi ba kafin in karanta shi a zuci.

Muka yi sallar la'asar a masallacin makaranta, aka yi wa mamaci addu'a a daidai lokacin da muke zaton ana sa shi a makwancinsa. Shugaba ya ce a nemo mota a haɗa Baffa da dattijai, Baffa ya ce a'a, wanda ya kawo shi shi zai mayar da shi. Rana ta yi sanyi muka kama hanya. Bayan mun bar Gagarawa Tasha muka shiga gonakin da aka share ana jiran ruwa, har muka fara hango bukkokin rugar. Sai ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Ya sauka, ya gyara hularsa. Na ce bari in ƙarasa da shi, ai da sauran tafiya.

Ya ce, "Ka yi naka, ɗana. Ita ni zan gaya mata."

Na kashe babur na tsaya a wurin. Ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya rataya hannuwansa a kai, ya nufi gida da irin tafiyarsa ta kullum, ba sauri. Iska tana kawo mini sautin daka daga cikin rugar, ana shirin abincin dare, taɓarya tana sauka tana tashi. Na ga ya isa bakin shinge, ya ɗan tsaya, ya shiga. Dakan ya ci gaba na ɗan lokaci. Sai na ji ya tsaya.